Yadda Ake Cire Kayan Gyara Daga Tsofaffin Rediyo, Rakoda da Amfilifaya Ba Tare da An Cutar da Kai ko Iyali Ba

Da wuya a shiga gida a karkara ba a tarar da mataccen akwatin rediyo ko tsohuwar rakoda ba, ko dai a ƙarƙashin gado, ko a saman kabad, ko a wani lungu na zaure. Ba abin mamaki ba ne. Tun daga lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a shekarar 1957, gidan Rediyon Kaduna kuma ya biyo baya a 1962, rediyo ya zama abokin hirar manomi da makiyayi da ɗan kasuwa. Bayan da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai rakoda ta shigo ta mamaye ɗakunan amare da shagunan teloli na tsawon shekaru. A yau wayar salula da ƙananan sifiku masu katin memori sun ture waɗannan kaya gefe. Haka kuma masallatai, makarantu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi sun tara amfilifayoyi da lasifikoki da suka daina aiki, suna jibge a sito.

Mafi yawan irin waɗannan kaya ƙarshensu guda ne: a sayar wa ɗan gwangwan, shi kuma ya sa guduma ya farfasa, ya cinna wa wayoyin wuta domin ya fitar da jan ƙarfe. Wannan hanya asara ce ta fuska biyu. Ana lalata sassan da har yanzu suna da rai, waɗanda mai gyara zai saya da daraja fiye da kuɗin kilo, sannan ana sakin guba a cikin iskar da jama'a ke shaƙa da ƙasar da yara ke wasa a kai. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa jama'a, musamman matasa masu koyon gyara da jami'an da ke kula da tsaftar muhalli, cewa mataccen rediyo kwance shi ake yi da hannu da haƙuri, ba fasawa ko ƙonawa ba, kuma akwai haɗurra guda biyu da dole a san su kafin a kama sukudireba: wanda ke kisa nan take, da wanda ke bin mutum gida a hankali.

Me ya cancanci a cire?

Ba kowane abu ne a cikin akwatin ya cancanci wahala ba. Sau da yawa abin da ya kashe rakoda bai wuce abu ɗaya ko biyu ba, kamar tsinkewar bel, ko ƙonewar fiyus, ko kwandansa da ta bushe. Saboda haka matakin farko shi ne a nuna wa ƙwararren mai gyara, domin kayan da zai iya tashi da kuɗi kaɗan ya fi daraja a raye.

Idan an tabbatar ba zai gyaru ba, babban abin nema shi ne taransifoma, wato dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi da ke rage ƙarfin wutar soket zuwa abin da na'urar za ta iya ɗauka. Taransifomar tsofaffin kayan Japan irin su National, Sanyo, Sharp da JVC an naɗe ta da jan ƙarfe na gaske, alhali da yawa daga cikin masu arahar da ke kasuwa yanzu wayar alminiyam ce a ciki. Idan ba ta warin ƙuna, takardar da ke jikinta ba ta yi baƙi ba, kuma mita ta nuna naɗin bai tsinke ba, to za ta iya yin wasu shekarun tana aiki. Sai dai a kula da abu guda: kayan gwanjo da aka yi domin kasuwar Amurka suna aiki ne da volt 120, na cikin gidan Japan kuma volt 100, alhali wutarmu volt 230 ce. Wanda ya jona irin wannan taransifoma kai tsaye, cikin ɗan lokaci za ta yi hayaƙi. Don haka a karanta rubutun da ke bayan akwatin kafin a jefar da shi, a rubuta adadin a kan takarda, a manna a jikin taransifomar.

Na biyu ita ce sifika. Gwajinta ba wuya: a ɗauki batir ɗin tocila mai volt 1.5, a taɓa wayoyinta biyu na ɗan lokaci kaɗan. Idan ta yi ƙara "ƙas", takardar kuma ta motsa ba tare da gogar wani abu ba, tana da rai. A bayanta akan rubuta om 4 ko om 8, kuma wannan adadi yana da muhimmanci ga wanda zai sake amfani da ita. Lasifikar masallaci mai bakin kakaki ita ma ba a cika rasa ta gaba ɗaya ba, domin galibi ɗan faifan da ke cikin kanta ne ke ƙonewa, kuma ana sayar da shi daban.

Bayan waɗannan akwai manyan taransistoci da ayisi masu ƙara sauti, waɗanda ake samu a ɗaure da faffaɗan alminiyam mai sanyaya su. Masu gyara sun san lambobi irin su 2N3055, TDA2030 da LA4440, kuma sun san cewa na ainihi da aka ciro daga tsohuwar na'ura ya fi na jabu da ya cika kasuwa ƙarko. Shi kansa alminiyam ɗin abin adanawa ne. Haka ma makunnai, maɓallin ƙara murya, ramukan jona makirfo, eriya, sandar baƙin ƙarfen da ke kama tashoshin matsakaicin zango, ƙaramar motar da ke juya kaset, da notina. Ɗalibai masu sha'awar kimiyya kan yi fanka ko motar wasa da wannan ƙaramar mota, kuma malaman makarantun sakandare za su iya amfani da sassan wajen koyarwa.

Abin da bai cancanci wahala ba shi ne ƙananan rasistoci, waɗanda sababbinsu ba su da tsada, da kwandansa masu kama da ƙaramin gwangwani, domin akwai ruwa a cikinsu da ke bushewa da tsufa, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. Wadda kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa a gindi ta gama aiki. Bel ɗin roba ma ba ya wuce shekarunsa.

Wani abin lura a nan: kafin a kwance rakoda, a duba ko akwai kaset a ciki, a kuma duba kwalin da aka ajiye ta. Akwai karatuttukan malamai, waƙoƙin makaɗan fada da na noma, da jawaban sarakuna da aka ɗauka a garuruwanmu waɗanda babu su a ko'ina sai a irin waɗannan kaset-kaset. A ra'ayinmu, rakoda mai aiki guda ɗaya da za a iya kwafe su da ita zuwa waya ko kwamfuta ta fi duk jan ƙarfen da ke cikinta daraja.

Kafin a buɗe akwatin

A yi aikin a waje ko a rumfa mai iska, a kan tebur ko benci na katako, nesa da madafa, randar ruwa da wurin wasan yara. A sa takalmin roba, ƙasa ta kasance a bushe, a cire zobe da agogon ƙarfe. A zare filogi daga soket da hannu, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo. A cire batir, a kuma cire duk wata waya da ta haɗa na'urar da janareta ko batir ɗin sola.

Akwatin da ya yi shekaru a ajiye gida ne ga kyankyasai, kunama da ɓeraye, musamman manyan akwatunan sifika. Kada a zura hannu inda ido bai gani ba. Idan an tarar da kashin ɓera ko sheƙarsa, kada a hure da baki, kada kuma a kakkaɓe a bushe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu a 1969, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera. A rufe hanci da baki, a sa safar hannu ko leda, a jiƙa tsumma da ruwan bilic a goge, sannan a wanke hannu da sabulu.

Wutar da ke kwance bayan an zare filogi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an raba na'ura da soket, shi ke nan babu sauran wuta a cikinta. Ba haka ba ne. Kwandansa, wadda wasu ke kira kafasito, aikinta shi ne tara wuta kamar yadda tanki ke tara ruwa, kuma tana iya riƙe ta bayan an kashe na'urar, wani lokaci na mintoci, wani lokaci fiye da haka nesa.

Girman haɗarin ya danganta da irin na'urar. Ƙaramin rediyo mai batir biyu ko huɗu ba shi da wata barazana ta wannan fuska. Babbar amfilifaya mai taransisto takan riƙe volt 40 zuwa 80 a kowace babbar kwandansa, kuma da yake kwandansar manya ce, tartsatsinta na iya narka bakin sukudireba ko ya ƙona yatsa ta wurin zobe. Waɗanda suka fi yaudara su ne na'urorin baya-bayan nan marasa nauyi, kamar na'urar faifan CD da DVD da sifiku masu amfilifaya a ciki, domin ba su da babbar taransifoma. A cikinsu wutar soket ce ake juyawa kai tsaye a tara a kwandansa, kuma volt 230 na soket kan zama kimanin volt 325 a jikinta. Tsofaffin rediyo da amfilifaya na zamanin da, masu kwalaben gilashi da ke yin ja idan sun yi zafi, suna aiki da volt 300 zuwa 500. Wannan ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato, musamman idan jiki na gumi, domin jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya.

Hanyar da ta dace ita ce a zubar da wutar a hankali. Masu gyara kan yi amfani da ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, wanda aka sa a mazauninsa aka fito da wayoyi biyu masu rufi mai kyau. A taɓa bakin wayoyin a ƙafafun kwandansar biyu na wasu daƙiƙoƙi. Idan akwai wuta mai yawa, ƙwan zai yi haske ya dushe. Ga na'ura mai kwalabe, a jera ƙwai biyu ɗaya bayan ɗaya domin kada guda ya ƙone. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki. Bayan haka sai a auna da mita a tabbatar adadin ya sauka kusa da sifili, a dakata kaɗan a sake aunawa, domin wata kwandansar takan dawo da ɗan ƙarfi bayan an zubar. Rashin hasken ƙwai ba hujja ba ne. Mita ce shaida. Yayin wannan aiki a yi amfani da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu ko a baya, saboda kada wuta ta shiga ta wannan hannu ta ratsa ƙirji ta fita ta wancan.

Al'adar nan ta haɗa ƙafafun kwandansa da sukudireba domin a ji ta yi "fas" ba jarumta ba ce. Tana lalata kayan, tana kuma iya watsa narkakken ƙarfe a ido.

Akwai na'urori biyu da kan shigo cikin tarin tsofaffin kaya waɗanda muke jan kunnen mai koyo da ya bar su gaba ɗaya. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana aiki da wutar da ta kai kimanin volt 25,000 idan mai launi ce, gilashinta yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma yana tarwatsewa idan aka fasa shi. Na'urar ɗumama abinci ta mayikurowef kuwa tana da kwandansa mai riƙe kimanin volt 2,000, kuma ta kashe ƙwararru ma, balle ɗan koyo.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar daga tushe, ko a ture wayar da busasshiyar sanda. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, saboda bugun zuciya na iya rikicewa daga baya. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara, manja ko ruwa. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi na kimanin minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba.

Dalma, wadda ba ta ihu

Wutar lantarki tana da sauƙin kiyayewa saboda kowa yana tsoronta. Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce dalma. Duk ɗigon nan masu ƙyalli da ke bayan fanel ɗin rediyo, waɗanda suka liƙe ƙafafun sassa, gauraye ne na kuza da dalma, galibi kashi 60 na kuza da kashi 40 na dalma. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da dalma a yawancin sababbin kayan lantarki daga ranar 1 ga Yuli, 2006, amma duk kayan da aka ƙera kafin nan, wato kusan dukan rediyo da rakodar da muke magana a kai, a ɗauka cewa akwai ta a ciki.

Al'ummar Arewa ba baƙuwa ba ce ga illar dalma. A shekarar 2010 aka gano cewa yara fiye da 400 sun rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, sakamakon gubar dalma. A 2015 makamancin haka ya faru a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gaskiya ne cewa waccan dalmar daga dutsen zinariya ta fito, ba daga rediyo ba, kuma yawanta ya zarce na kowane shagon gyara nesa ba kusa ba. Amma hanyar da ta bi ta isa cikin yaran ita ce abin dubawa: an shigo da aikin cikin gida, ƙura ta sauka a tsakar gida da kwanuka da tufafi, yara masu rarrafe suka sa hannu a ƙasa suka kai baki. Mai kwance fanel goma a kowane mako a cikin zauren gidansa wannan hanyar yake buɗewa, ko da a hankali ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta fiye da na babba sau da yawa, kuma tana ratsawa daga mai juna biyu zuwa ɗan da ke cikinta. Idan ta yi yawa takan kawo amai, ciwon ciki, ƙarancin jini da jijjiga. Idan kaɗan ce ba a ganin komai, sai dai yaro ya tashi da raunin fahimta, a yi ta ɗora wa malami laifi ko a ce yaron ne ba ya ja. Ga manya takan jawo hawan jini da ciwon ƙoda.

Ya kamata a fahimci yadda take shiga jiki. Farin hayaƙin da ke tashi idan ƙarfen narkarwa ya taɓa liƙin, mafi yawansa na ƙaron da ke cikin wayar liƙin ne. Yana sa tari, kuma yana iya jawo asma ga wanda ya daɗe yana shaƙa, don haka a kawar da fuska, a zauna ta inda iska za ta ɗauke shi. Ita dalmar kuwa babbar ƙofarta baki ne. Mai gyaran da ke riƙe wayar liƙi da haƙori saboda hannayensa biyu suna aiki, ko wanda ke ɓantarar goro, shan taba ko cin gyaɗa a bakin aiki, shi ne ke ciyar da kansa guba. A wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin cin abinci. A ware rigar aiki, a bar ta a wurin aiki, kada a haɗa wankinta da na yara. A shimfiɗa kwali a kan tebur domin ya tare ɓurɓushi, a tara shi a gwangwani mai murfi, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Maganar da ake yi cewa shan madara bayan aiki yana wanke gubar ba ta da tushe.

Wajen cire sassan, ƙarfen narkarwa mai wat 30 zuwa 40 ya wadatar. Liƙin mai dalma yana narkewa a kusan digiri 185 na ma'aunin Salsiyas. A ɗora bakin ƙarfen a kan ƙafar, da zarar ya narke a zuƙe shi da ɗan famfon da aka yi domin haka, sannan a zare sashen da filaya ta ɗaya gefen. Taransisto da ayisi ba sa son zafi mai tsawo; daƙiƙa uku zuwa huɗu a kowace ƙafa, a bari ya huce, a koma. Kada a hure narkakken liƙi da baki, kada kuma a buga fanel a tebur domin ya zube, sai an sa tabarau. Inda babu wutar lantarki, akwai ƙarfen narkarwa mai aiki da batir mai volt 12, kuma ya fi wanda ake gasawa a garwashi, wanda zafinsa ba shi da ma'auni. A lokacin hunturu, sa'ad da riga ke ƙas-ƙas idan an cire ta, jiki kan tara wata 'yar wuta da ke iya kashe ayisi ba tare da an sani ba. A taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauke shi, kuma a adana shi a takarda ko kwali, ba a leda ba.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ɗora fanel gaba ɗaya a kan murhu ko kurfoti domin sassan su zubo a lokaci guda. A irin wannan zafi dalma kanta tana shiga hayaƙi, fanel ɗin yana ƙonewa ya saki sinadaran da aka sa masa domin hana kama wuta, sassan da aka wahala dominsu kuma sun riga sun mutu. Mafi muni, sau da yawa a kan wannan murhun za a dafa tuwon dare.

Ƙona waya

Baƙin hayaƙin da ake gani yana tashi a bayan kasuwanni da bakin bola na robar waya ne. Wannan roba idan ta ƙone tana fitar da iska mai cin huhu da wasu sinadarai masu haddasa ciwon daji, waɗanda ke sauka a ƙasa da ciyawa, kaji da awaki su ci, su dawo wa mutane ta ƙwai, nama da nono. Unguwar Agbogbloshie ta birnin Accra a Ghana ta yi ƙaurin suna a duniya saboda wannan sana'a, kafin hukumomi su rushe wurin a 2021. Babu dalilin da zai sa a maimaita hakan a kasuwannin ƙauyukanmu. Wayar da aka shanya a rana ta yi laushi, wuƙa ko reza na feɗe ta cikin sauƙi, kuma jan ƙarfe mai haske da aka feɗe ya fi ƙonanne farashi a wurin masu awo. Yawancin wayoyin cikin rakoda ma sun fi amfani a yadda suke, domin mai gyara kullum yana bukatarsu.

Batir da ƙananan abubuwa

Batir ɗin da aka manta a cikin rediyo yakan yi yoyo ya bar farin gari ko tsatsa. Kada a taɓa da hannu tsirara, kada ya shiga ido. Rediyo da sifiku masu caji suna ɗauke da ɗaya daga cikin uku: batir mai dalma da ruwan asid, ko mai sinadarin kadmiyam wanda ke lalata ƙoda, ko na litiyam irin na waya. Na litiyam idan aka huda shi, aka lanƙwasa, ko aka bar shi a rana, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa, musamman wanda ya kumbura. A naɗe bakinsa da salatif, a ajiye shi a inuwa cikin gwangwani mai yashi. Kada a fasa kowane irin batir, kada a jefa shi a wuta, a masai ko kusa da rijiya.

Ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, da ƙananan maganaɗisu na abin sauraro na kunne, su ne yara suka fi haɗiya. Irin wannan batir yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, maganaɗisu biyu kuma suna iya manne hanji su huda shi. Duk yaron da ake zaton ya haɗiyi ɗayansu a garzaya da shi asibiti, kada a jira ya fita da kansa.

A cikin kayan da aka ƙera kafin shekarun 1980 akan ci karo da kwandansa mai gwangwanin ƙarfe cike da mai. Wani daga cikin irin wannan mai guba ne mai daɗewa a ƙasa, wanda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a jerin abubuwan da za a kawar. Ba man shafawa ba ne, ba na keke ko na ƙofa ba ne. Idan tana yoyo a sa ta a leda biyu a ɗaure.

Ya dace a taɓo wata jita-jita da kan sa mutane farfasa tsofaffin rediyo, wato cewa akwai wani sinadari mai tsadar gaske a cikinsu da ake kira jar makuri. Babu wannan abu. A 2009 irin wannan labari ya sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, kuma babu wanda ya samu komai sai 'yan damfara. Haka nan zinariyar da ke cikin kayan sauti ba ta kai ta biya kuɗin asid ɗin da za a narka ta da shi ba, balle lafiyar huhun mai narkawa.

Abin da ya rataya a wuyan hukumomi

Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta kan sharar guba tun 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan sinadarai daga Italiya a garin Koko na Jihar Delta ta yanzu. Wannan ne ya haifar da dokar hana zubar da shara mai cutarwa ta wannan shekarar. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2011 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan kayan lantarki, aka kuma sabunta su a 2022. Ƙa'idojin sun ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin abin da kayansu ke zama bayan sun mutu, kuma a 2018 aka kafa ƙungiyar EPRON domin tsara tattara su. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace.

Sai dai kamfanonin da ke da lasisin sarrafa irin wannan shara a manyan birane suke, doka kuma ba ta isa ƙauye sai da ƙafar mutanen ƙauyen. A nan ne aikin jami'an duba-gari, kansiloli, hakimai, dagatai da masu unguwanni yake. Korar 'yan gwangwan ba mafita ba ce, domin sana'a ce da ke ciyar da gidaje da yawa, kuma idan aka kore su daga kasuwa, cikin gidaje za su koma da aikin, wanda shi ne abin da ake gudu. Abin da ya fi shi ne a zauna da shugabanninsu da na masu gyaran rediyo, a ware musu wuri mai rumfa da daɓen siminti, nesa da rijiya, makaranta da masu sayar da abinci, a samar da ruwan wanke hannu, a hana ƙona waya, a kuma hana sa ƙananan yara da mata masu juna biyu wannan aiki. Ma'aikatan lafiya a matakin farko su riƙa tambayar sana'ar mahaifi idan an kawo yaro mai jijjiga da ba ta jin maganin zazzaɓin cizon sauro.

Game da kayan gwamnati, amfilifaya ko lasifikar da ke cikin rajistar sito ba ta halatta a kwance ta ko a sayar ba sai an bi ƙa'idar cire ta daga rajista, ko da ta shekara goma ba ta aiki. Na masallaci ko makaranta kuma sai da sanin kwamitin da ke kula da su. Mai saye ya tambayi asalin kaya kafin ya biya.

Ragowar da ba ta da amfani, wato fanel ɗin da aka cire wa sassa, matattun batura da fasassun robobi, a raba su kashi-kashi a buhuna ko durom mai murfi, a ɗora a kan katako inda ruwan sama ba ya taɓawa. Ƙaramar hukuma za ta iya ware ɗaki guda a sakatariya ko a babbar kasuwa domin tara su, idan sun kai lodin mota sai sashen tsaftar muhalli ya tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jiha ko ofishin NESREA mafi kusa domin a miƙa su ga masu lasisin sarrafawa.